Marfin Lagireto a Hannun Kawu

A zamanin da Peugeot 504 ke mulkin titunan Arewa, bayan an fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, direban da ya san aikinsa ba ya tayar da inji da safe sai ya buɗe gaban mota ya gaisa da ita. Kawuna na cikin irin waɗannan direbobi. Yana jigilar fasinja tsakanin Jos da Lafiya, ni kuma in an yi hutun makaranta nakan zama yaron motarsa, mai riƙe galan ɗin ruwa da tsumma.

Abin da ya fara koya mini ba sitiyari ba ne, marfin lagireto ne. Da sanyin asuba, inji bai ko motsa ba, zai murɗe shi ya juya cikinsa sama, ya bi robar da ke kewaye da shi da babban yatsa, ya danna sifirin ya ji ko yana turo yatsan da ƙarfi. In ya ga tsatsa ko dattin ruwa ya daskare a bakin, sai ya miƙo mini. "Ungo, ɗana, wanke shi, ka goge wuyan lagireton ma. Kada ka raina shi don ƙanƙantarsa." Ni kuwa a lokacin marfi ne kawai a idona, abin hana ruwa zuba.

Sai da na girma na fahimci abin da hannun Kawu ya riga ya sani. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100. Jos kuwa tana bisa tsauni, kimanin mita 1,200, inda iska ba ta da nauyi sosai, don haka ruwa kan tafasa a wajen digiri 96. Injin mota kuma yana aikinsa ne a kusa da digiri 90. Dubi ƙanƙantar ratar da ta rage! Marfin nan shi ke faɗaɗa ta. Yana toshe hanyar ruwan ya matse shi, kamar tukunyar da aka danne marfinta da dutse, ruwan da ke cikin matsi kuwa ba ya saurin tafasa. Marfi mai lamba 0.9 ko 1.1 a kansa, irin wanda ake gani a motocin Japan, yana kai tafasar zuwa wajen digiri 120. Lambar nan ba ado ba ce, ita ce iyakar matsin da marfin zai riƙe kafin sifirin ya ja baya ya saki rarar ruwa ta ɗan siririn tiyo.

Akwai kuma wata 'yar ƙofa a tsakiyarsa wadda mutane da yawa ba su san da ita ba. In inji ya huce, ruwa ya tsuke, ita ce ke buɗewa don ruwan da ya fita zuwa robar ajiya ya dawo, ko iska ta shiga a tsofaffin motocin da ba su da robar. In ta maƙale, za ka tarar da babban tiyo na sama ya shafe da safe. Kawu yakan taɓa ta da farce ya ji tana motsi kafin ya mayar da marfin.

A Hawan Kibo ake gane wanda ya kula da motarsa. In an taso daga Akwanga da cikakken lodi, rana ta take, mota na nishi a giya ta biyu, nan za ka ga wasu a gefen hanya, tururi na tashi, fasinjoji sun fito suna neman inuwa. Kawu ba ya wuce ɗan'uwansa direba. Zai tsaya ya yi sallama, abin da zai fara faɗa kuwa shi ne, "Malam, don Allah kada ka buɗe tukuna." Ya ga mutanen da ruwan lagireto ya saɓule wa fatar hannu da fuska, shi ya sa ba ya wasa da wannan. Ruwan da ke cikin matsi ya haura digiri 100 bai tafasa ba. Ana sakin marfin sai ya tafasa nan take ya yi tsiri sama. Sai an jira inji ya huce sosai, a ɗora tsumma mai kauri, a murɗa kaɗan zuwa maƙalar farko, a bar iskar ta gama fita, sannan a cire.

Sau da yawa abin da yake tararwa shi ne marfin da robarsa ta tsage, ko na wata mota da aka cusa, ko ma leda da ƙyalle an ɗaure bakin da su. Wannan yana ɓata masa rai, ni ma har yau yana ɓata mini. Mutum zai yi ta ɗura ruwa a kowace tasha, ya zargi fanka, ya zargi famfon ruwa, har gasket ya ƙone a sauke kan inji, alhali asalin ciwon ɗan marfi ne da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Marfi mai lambar da ta wuce ƙa'idar motar shi ma ɓarna ne, don tsohon tiyo ko lagireto ne zai fashe a madadinsa.

Ina kewar wannan natsuwa ta direbobin dā, da yadda suke zaɓen ruwa mai tsabta su guji na rijiya mai barin farin daskare a hanyoyin lagireto. Motocin yanzu da yawa an mayar da marfinsu kan robar ajiya, ruwan ma mai launi ne, mai maganin tsatsa, amma aikin marfin bai canza ba. Idan naka ya fara barin farin tabo a gefensa, ko ruwa na raguwa ba ka ga inda yake yoyo ba, ɗauki tsohon ka je da shi shagon kayan gyara, ka tabbata lambar sabon ta yi daidai da wadda aka tsara wa motarka.