Ja Da Baya Ga Rago Ba Tsoro Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana ma'aikata, da malaman makarantu, da samarinmu, a kan shirin gudun fanfalaki, wanda waɗansu ke kira gudun yada ƙanin wani. Na san akwai masu cewa wannan ai maganar wasa ce. To, su yi haƙuri su karanta tukuna.

Tsawon wannan gudu kilomita 42 ne da mita 195, watau mil 26 da yadi 385, kusan tafiyar Kano zuwa Wudil ke nan. An fara yin irinsa mai girma a Ikko cikin watan Fabrairu na 2016, kuma daga wannan shekara har 2020 haifaffun Kenya da Habasha ne suka yi ta cinye na ɗaya. In an yi zancen a ofis, sai ka ji an ce, "Ai halittarsu ce." Da gaskiya a ciki, gama garin Iten na Kenya, inda da yawansu ke koyon gudu, bisansa ya kai wajen mita 2,400 daga teku, Kano kuwa ba ta cika 500 ba, kuma wanda ya girma a kan dutse jininsa ya fi iya ɗaukar iska. Amma halitta kaɗai ba ta isa ba. Abbas Mohammed namu ne na Nijeriya, ya kuwa yi wannan nisa cikin awa 2 da minti 16 a Ikko a 1990. Abin da ya rage mana shi ne sanin yadda a ke shiri.

Ni akawu ne, mazaunin Unguwa Uku, shekaruna sun wuce talatin, ina kuwa shirin shiga gudun na Ikko. Ko wace asuba na kan ga samari a titin Zariya, daga tashar Unguwa Uku zuwa Gyadi-Gyadi, waɗansu har gadar Dangi su komo. Himmarsu abin yabo ce, amma kashi biyu su ke. Kashi na farko su kan yi sassarfa iri ɗaya ko wace rana, wata shida saurinsu bai ƙaru ba. Kashi na biyu kuwa tsere su ke yi da juna tun daga tashi, wanda duk ya tsaya a yi masa dariya a ce ya gaza. Ba a mako uku sai ka ji wannan gwiwa, wancan ƙwauri, sun bari. Dukansu abu guda ya ɓace musu: hutu wanda aka auna, aka sa shi a tsakiyar gudu.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A Jamus, cikin shekarun 1930, wani mai koyar da gudu, Woldemar Gerschler, shi ya tsara ta, ya kuma yi aiki tare da wani likitan zuciya, Herbert Reindell. Ka'idarsu ita ce, mutum ya yi gajeren gudu da ƙarfi har bugun zuciyarsa ya kai wajen 180 a minti guda, sa'an nan ya sassauta har ya sauko 120, ya sāke tashi. A ganinsu, a lokacin sassautawan nan ne zuciya ke cika da jini sosai, ta saba da tura mai yawa a bugu ɗaya, ta yi ƙarfi. Watau hutun ma aiki ne. Almajirin Gerschler, Rudolf Harbig, ya yi mita 800 cikin minti 1 da daƙiƙa 46.6 a birnin Milan a 1939, aka shekara 16 ba wanda ya kai shi.

Wanda ya nuna amfaninta ga dogon gudu shi ne Emil Zatopek, sojan ƙasar Cekoslobakiya ta da. Ya kan yi mita 400, ya yi sassarfa, ya sāke, har sau arba'in ko fiye a yini guda. A wasannin Olamfik na Helsinki a 1952 ya ci mita 5,000, ya ci mita 10,000, sa'an nan ya shiga gudun fanfalaki, wanda bai taɓa shiga ba a duniya, ya cinye cikin awa 2 da minti 23. Ba a kan dutse ya girma ba. Ku tambayi barayen dawakin Sarki, ai su ma ba sa sakar wa doki linzami tun daga barga har ya faɗi. A kan yi kilisa, a yi sukuwa, a ja, a bar shi ya huce.

Ga yadda na ke yin nawa, ko wani ya amfana. Burina in gama cikin awa 3 da rabi, watau ko wane kilomita cikin minti 5. Na ɗauki mako 16, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ran Talata ce ranar gudu da hutu. Na kan fara da sassarfa ta minti 15 don jiki ya yi ɗumi. Sa'an nan in yi mita 400 cikin minti 1 da daƙiƙa 40, in yi sassarfa mita 200, in sāke. Makon farko sau 6, ina ƙarawa sannu sannu har sau 12. Daga mako na shida na koma mita 800, ko wanne cikin minti 3 da rabi. Wani Ba'amurke, Bart Yasso, ya lura cewa wanda ya iya wannan sau 10 a jere cikin minti 3 da daƙiƙa 30, ya yi kusa da iya gudun duka cikin awa 3 da minti 30. Ƙiyasi ne dai, ba alkawari ba, amma ya ishi mutum auna kansa.

Ba a bukatar na'ura mai tsada. Agogo mai daƙiƙa ya isa. Ka ɗora yatsa biyu a jijiyar wuyanka, ka ƙirga bugun cikin daƙiƙa 15. In ka sami 30, to ya sauko 120 ke nan, tashi. In minti biyu sun wuce bai sauko ba, na yau ya ƙare, koma gida. Sharaɗi babba kuwa shi ne na ƙarshe ya zama daidai da na farko. Wanda ya yi na farko kamar an koro shi, na takwas kuwa yana jan ƙafa, bai yi kome ba sai gajiya. Ran Lahadi na kan yi dogon gudu a hankali, daga kilomita 15 har ya kai 32, gama gudu da hutu shi ke ba da sauri, dogon gudu kuwa shi ke ba da jimiri, ɗaya ba ya tsaya wa ɗaya. Kwana biyu a mako ba na gudu ko kaɗan. Duk na kan rubuta a littafi, kamar yadda malaminmu na makarantar Mishan ya koya mana, cewa abin da ba a rubuta ba, ba a san ƙaruwarsa ko raguwarsa ba.

Shirin nan ya kan faɗo cikin hunturu. Sanyin asuba taimako ne, amma ran da hazo ya yi kauri gara a fasa. A tuna kuma Ikko gumi gare ta, sai mutum ya saba da kurɓar ruwa yana cikin gudu. Wanda ya san yana da hawan jini ko ciwon ƙirji, lalle ya ga likita kafin ya fara.

Yanzu ga kukana. Wannan aiki ba ya yiwuwa sai a fili wanda aka auna. A kan titi, ga manyan motocin tasha, ga 'yan adaidaita, ga hayaƙi, mutum bai san mita nawa ya yi ba, ransa kuma yana hannun direba mai barci. Filin wasa na Ƙofar Mata ya yi wa na Tarauni nisa, in ya biya kuɗin mota zuwa da komowa kafin ƙarfe takwas, kuɗin ƙosan yara ya tafi. Ni da abokaina uku muka nemi igiya mai mita 50, muka auna da'irar mita 400 a filin wata makaranta, muka sa duwatsu. Mako biyu muka yi, maigadi ya ce an hana. Ban ga laifinsa ba, umurni ya bi.

Saboda haka ina roƙon shugabannin makarantun Unguwa Uku da Gyadi-Gyadi da Tarauni, su buɗe filayensu daga asuba zuwa ƙarfe bakwai ga waɗanda mai unguwa ya shaida halinsu, a rubuta sunayensu a littafin maigadi. Malamin lissafi ya fito da 'yan ajinsa su auna da'irar, su zuba toka, ya zama darasi. Kuɗin abin bai wuce na igiya ba. Cikin yaran nan da ke tallan ruwa a tasha, suna tsere da mota tun safe har yamma, wa ya san ko akwai wani Abbas, wanda ba ya bukatar kome sai fili da agogo da mai ce masa, "Tsaya haka, huta."

Ga samari kuwa, in kun ga ɗan'uwanku ya sassauta yana taɓa wuya, kada ku yi masa dariya. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

 

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Unguwa Uku, Kano.