Dígame: yadda na daina gudun wayata a Sifaniya

Tunda wannan makon ni aka ba wa fili, bari in ba ku labarin abin da ya fi faɗar mini da gaba a shekarata ta farko a Sifaniya. Wahalar takarda tana nan, kewar gida tana nan, amma in wayata ta yi ƙara na ga baƙuwar lamba mai farawa da 9 ko 6, sai in ji cikina ya ɗuri ruwa. Sau da yawa sai in zuba mata ido har ta katse.

Na zo lardin Almería a 2019, inda ake noman tumatir da tattasai da kokwamba a ƙarƙashin rumfunan leda. Cikin wata shida na iya sayen burodi, na iya tambayar mota, na iya jin umarnin mai gona. Ido da ido abin da sauƙi. Ka nuna da hannu, ka kalli bakin mutum, in ka ɓata ya gani a fuskarka ya maimaita. A waya murya ce kawai, tana gudu kamar an biyo ta. Ga shi mutanen Andalusiya suna haɗiye harafin s na ƙarshen kalma, sai ka ji rabin maganar ta tsaya a maƙogwaro.

Kiran da na fara yi da kaina, mai gidan haya na kira saboda famfo ya lalace. Yana ɗauka ya ce: "¿Dígame?" Ni kuwa na shirya gaisuwata tun daga gida. Na ce barka da safiya, na tambayi lafiyarsa, na tambayi iyali. Ya ce, "Bien, bien. ¿Quién es? ¿Qué pasa?" Wato lafiya lau, wane ne, me ya faru. Raina ya sosu. Dígame fa ma'anarta "faɗa mini". A garinmu in ka kira mutum ya ɗauka ya ce maka "faɗa mini", sai ka kwana kana tunanin laifin da ka yi masa. Daga baya na gane cewa kalmar girmamawa ce. Sifaniyanci yana da "kai" iri biyu: tú na aboki da yaro, usted na babba da baƙo. Dígame ta usted ce. Abokinsa zai ce wa dime. Ashe dattijon nan girmama ni ya yi, ni kuma na yi kwana biyu ina jin haushinsa.

Abin da ya sa na ɗauki lamarin da gaske shi ne aikin da na rasa. Na kai takardar neman aiki a wani babban sito da ake tantance kayan lambu ana zuba su a kwali. Aiki ne mai kwantiragi, a inuwa, albashi ƙarshen wata. Wata mata ta kira ni ta ce in zo ranar Alhamis "a las doce", ƙarfe 12. Ni "a las dos" na ji, ƙarfe 2. Gaskiyar magana, a lokacin na ji shakka a raina. Amma kunya ta hana ni cewa ta maimaita, kada ta ce ban iya yaren ba ta fasa ɗauka ta. Sai na ce "vale, vale", wato to, to. Ranar Alhamis na isa biyu saura kwata da rigata mai guga, aka ce mini an gama ɗaukar mutane tun sha biyu. Na koma rumfar leda na ƙara wata huɗu ina aikin yini. Kalma ɗaya da na ji kunyar tambaya ita ta ja mini wannan.

A matakalar gidanmu na ba wa maƙwabciyata labari, wata tsohuwa da ta haura saba'in, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Barcelona. Ta saurara ta gama, ta ce: "Hijo, daga yau kullum ƙarfe 8 na yamma ka kira ni a waya." Hijo shi ne ɗana, haka take kira na. Na ce, "Señora, bango ɗaya ne fa tsakaninmu." Ta ce ai shi ya sa, in na zo ƙofa zan kalli bakinta.

Haka muka yi wajen wata uku. Yau ta zama ma'aikaciyar asibitin unguwa, gobe mai gidan haya, jibi ta ce na kira lambar da ba ita ba ce. Tana magana da gudu da gangan, ba ta sassautawa sai na roƙa da bakina. A wurinta na koyi waɗannan, kuma har yanzu suna rubuce a bayan ƙofar ɗakina.

In kai ka kira, gaisuwa ɗaya ce, "buenos días" ko "buenas tardes", sai "soy" da sunanka, wato ni ne wane, sai "llamo por" da abin da ya kawo ka. In wani kake nema za a tambaye ka "¿De parte de quién?", wato in ce wa ke nemansa. In an ce "no cuelgue", kada ka ajiye waya. "Le paso" na nufin zan haɗa ka da shi. "Se ha equivocado" na nufin ka yi kuskuren lamba. Sai biyun da suka fi duka amfani: "¿Puede repetir, por favor?", a maimaita don Allah, da "Más despacio, por favor", a hankali don Allah. Ban taɓa faɗin su wani ya yi mini tsawa ba.

Lambar waya a Sifaniya guda tara ce, kuma sukan karanta ta bibbiyu ko uku-uku. A nan sesenta, 60, da setenta, 70, suke kada mutum. Sai ka ce a faɗa maka "número por número", ɗaya bayan ɗaya. In lokaci aka ba ni, yanzu sai na mayar: "¿Las doce, uno, dos?" Suna ma akwai hanyarsa. Da garuruwa suke bambance haruffa: B de Barcelona, V de Valencia, M de Madrid. Sunana da H ya fara, su kuma ba sa furta H, don haka nakan ce "hache de Huelva", in ba haka ba a rubuta mini J a takardar asibiti.

Da na samu shiga wani siton daga baya, na tarar da ma'aikata daga ƙasashe da yawa, kowa da yadda yake ɗaukar waya. 'Yan Kolombiya da Peru "¿Aló?" suke cewa, kusa da namu. Ɗan Meksiko "¿Bueno?" yake cewa, ɗan Kuba kuma "Oigo", ina ji. Har filashin ɗinmu suna da shi, "llamada perdida" ko "un toque". Talaka dai a ko'ina ya san yadda zai ce a kira shi ba tare da ya taɓa kuɗinsa ba.

Ranar da karatun tsohuwar nan ya yi rana, wani dare ne a watan Agusta. Mu biyar ne a gidan. Wani ɗan uwa daga Maraɗi ya dawo daga rumfa tun yamma yana cewa kansa na sarawa. Wajen ƙarfe 11 muka ji faɗuwarsa a banɗaki. Muka same shi jikinsa zafi rau, yana magana ba kai. Kowa ya san lambar gaggawa 112 ce, kowa ya san kyauta ce, amma kowa na kallon ɗan uwansa. Na danna hannuna na rawa. Wata mata ta ɗauka, kuma a ƙarshen maganarta na ji kalmar nan: dígame.

Na faɗa mata. Ta tambayi adireshi, na ba ta gari da titi da lambar gida da hawa da ƙofa, lamba ɗaya bayan ɗaya. Ta ce "¿Está consciente?", yana cikin hayyacinsa? Ta ce "¿Respira?", yana numfashi? Sau biyu na ce ta sassauta, sau biyu ta sassauta. Ta ce "no cuelgue", ta haɗa ni da ma'aikacin lafiya, ya gaya mini yadda za mu kwantar da shi a gefe mu sanyaya jikinsa da ruwa kafin motar asibiti ta iso. Likita ya ce zafi ne da ƙarancin ruwa a jiki. Kwana biyu ya yi aka sallame shi, yanzu haka yana nan lafiya, har ya yi aure bara. A daren nan na yi wa dígame uzuri gaba ɗaya. Da matar ta tsaya tambaya ta ya gida ya aiki, da ni zan fara katse ta.

Sai dai komai da wurinsa. Kwanaki ina tsakiyar aiki Inna ta kira ta WhatsApp, ban duba ba na ɗauka na ce "¿Dígame?" Ta yi shiru. Na gane murya daga numfashinta, na yi sauri na ce, "Inna, ina wuni, lafiya dai? Me ya faru?" Ta ce, "Kai, sai wani abu ya faru zan kira ka? Ko sallama ma an hana ku yi a can?" Na fita waje na tsuguna jikin bango kamar tana gabana, na yi sallama, na gaishe ta daga farko: ya gida, ya jiki, ya Baba, ya damina, ya jikoki. Muka yi minti biyar ba a faɗi komai ba sai lafiya lau. Da za ta ajiye ta ce dama muryata take son ji.

Ga wanda ya zo sabo, a nan ko a wata ƙasa, shawarata ita ce ya rubuta adireshin gidansa da yaren garin ya manna kusa da ƙofa, ya karanta shi da ƙarfi har ya zauna a bakinsa. Ya nemi wanda zai riƙa kira kullum ko na minti uku ne. In bai ji ba ya ce a maimaita, matambayi ba ya ɓata. In kuma lambar gida ce ta fito, ya duba da kyau kafin ya buɗe baki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa tsohuwar nan da alheri, ya sada mu da iyayenmu cikin aminci. Waɗanda ke Faransa da Italiya da Saudiyya da Turkiyya, ku ma ku gaya mana da wace kalma ake ɗaukar waya a inda kuke, da abin da ta taɓa ja muku.