Ɗaurin Guga a Gidan Makama

Bayan sallar asuba na baro Kambarawa, muka bi ta Kankiya da Bichi, da hantsi muka shigo Kano ta Dawanau. Na zo ne da littafina cike da kalmomin ginin gargajiya, akasarinsu na tsamo su daga ƙamusun Bargery na 1934, ina jin cewa abin da ya rage mini kawai shi ne in ɗauki hotunan da zan liƙa a gefensu.

Gidan Makama yana daura da fadar Sarkin Kano, kuma ana danganta gininsa da Muhammadu Rumfa (1463–1499) tun kafin ya hau karaga. Na ratsa ɗakunan da aka jera kayan yaƙi da hotunan zuwan Turawa a 1903 cikin hanzari. Rufin wani soro ne ya tsayar da ni. Na ɗaga kai, na ga bakan gizo ya taso daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya, amma na kasa faɗin sunan abin da nake gani, alhali yana rubuce a hannuna.

Wani dattijo da ya kawo jikokinsa ya lura da ni.

"Ɗana, ka taɓa jan ruwa a rijiya?"

"Na taɓa, Baba."

"To, dubi sama ka tuna yadda ake gicciya itace a bakin guga."

Ɗaurin guga ke nan. Shekara biyu ina rubuta kalmar, har na taɓa yi mata sharhi a gaban malamaina, ban taɓa ganin gugan da ke cikinta ba. Mahaifinsa magini ne, in ji shi. Ya bayyana mini yadda ake kafa azarar giginya a bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure su da igiya, sannan a lulluɓe da ƙasa har ƙashin ya ɓace. Gara ba ta cika cin azara ba, shi ya sa ake zaɓenta.

Da yamma na kutsa lungunan Kurmi, washegari na tsaya a karofin Ƙofar Mata ina kallon marina, amma hankalina yana Katsina. Akwai soro a gidanmu wanda kakana ya gina. Da damina ta tsaga shi, ina cikin waɗanda suka nace a rushe a sa bulo da kwano, domin yaɓen kowace shekara ya ishe mu. Har yanzu ban ce hujjarmu ba ta da ƙarfi ba. Ruwa ba ya jiran mai nazari. Sai dai a ƙarƙashin rufin nan na yi karatun allo, kuma ba zan iya faɗin irin ɗaurinsa ba.

Da na dawo na tambayi baffana inda azarorin suke. Ya nuna mini rumfar awaki a bayan gida.