Mus na Bango da Mus na Fadama

Jirgin da ke kai mutum Jakson, a jihar Wayomin ta Amurka, cikin gandun daji yake sauka. Filin jirgin yana cikin Gandun Ƙasa na Grand Teton ne, kuma duk faɗin Amurka babu wani filin jirgin fasinja da ke cikin gandun ƙasa sai shi. Da fitowarka za ka ga duwatsun Teton daga yamma, tsaye ƙiƙam, da sauran ƙanƙara a tsagoginsu ko a watan Satumba. Garin ƙarami ne, mutanensa 10,000 da 'yan kai, amma gundumar tana cikin waɗanda suka fi kowace kuɗin shiga a ƙasar. Kusan kashi 97 cikin 100 na ƙasarta ta gwamnati ce, ba ta sayuwa, don haka ɗan abin da ya rage sai mai hannu da shuni. Masu dafa abinci da masu share otel da yawa daga jihar Aidaho suke tsallako dutse kullum safiya su zo aiki.

A wannan gari ba ka yin taku goma ba ka ci karo da hoton mus ba. Yana kan riguna da kofunan shayi da allunan otel, har wani ƙauye a arewa da garin sunansa ke nan. Mus shi ne mafi girma a dangin barewar ƙasashen sanyi. Bijimin da ya ƙasaita yakan kai mita 2 daga kofato zuwa kafaɗa, na Alaska kuwa yakan wuce kilo 600. Fuskarsa ta fi kama da ta raƙumi, doguwa mai saukakken hanci. Yana da tozo, da dogayen ƙafafu masu haske, da wata fata mai gashi da ke reto a ƙarƙashin wuyansa. Ƙahonin namijin faffaɗa ne masu yatsu a baki, faɗinsu kan kusa mita 2, kuma duk shekara suke zubewa a lokacin hunturu, sababbi su tsiro da bazara. A riƙe wannan, domin a kansa maganar take.

Kilomita 4 daga gari, a gefen wani tudu, akwai Gidan Adana Zanen Namun Daji na Ƙasa. Da ƙyar ake gane gini ne, don da dutse aka yi shi, ya saje da tudun. Wani attajiri, Bill Kerr, da matarsa Joffa su suka kafa shi a 1987 da zanukan da suka daɗe suna tarawa. Ya koma wannan mazauni a 1994, kuma yanzu yana riƙe da ayyuka sama da 5,000. Daga barandarsa ana hango filin da aka keɓe tun 1912 domin barewar elk, inda dubbansu ke sauka su yi hunturu.

Na shiga ne saboda mutum ɗaya, Carl Rungius, wanda gidan ya fi kowane gidan tarihi a Amurka tara aikinsa. Na daɗe a gaban wani babban zanensa na fentin mai: bijimin mus tsaye a bakin ruwa, ya ɗan juyo da kai. Daga nesa dabbar baƙa ce wuluk. Da na matso har hancina ya kusa firam, sai na ga kusan babu baƙin fenti a jikinta. Shuɗi ne mai duhu a kan tozo, ja-ja a haƙarƙari inda rana ta taɓa, kore-kore a ciki inda hasken ciyawa ya dawo. Burushin faffaɗa ne, an dangwara fentin da kauri, ko gashi ɗaya ba a zana ba. Na ja da baya taku huɗu, sai komai ya haɗe, na ga nauyin dabbar ya kwanta a kan ƙafar gaba ta hagu, na ga jijiyar wuya ta miƙe saboda ɗaukar ƙahon. Wanda ya yi wannan ya san abin da ke ƙarƙashin fata, ba a labari ya ji ba.

Kafin zamaninsa Turawa sun sha wahalar wannan dabba. A 1770 George Stubbs, gwanin zanen dawaki na Ingila, ya zana wani ɗan mus da gwamnan Kwibek ya aiko wa wani basarake. Likita William Hunter ne ya sa shi aikin, yana so ya nuna cewa manyan ƙahonin da ake tonowa a fadamun Ailan na wata dabba ce da ta ƙare, ba na mus ba. Jikin ya fito daidai, amma da yake Stubbs bai taɓa ganin inda mus ke rayuwa ba, sai ya ɗora shi a gefen tsauni mai duwatsu, alhali dabbar fadama ce. Ɗan bai yi ƙaho sosai ba, sai aka zana na babba aka ajiye a gefe a ƙasa. Zanen yana Gilasgo har yau. Shekara 17 bayan haka Thomas Jefferson, yana jakada a Faransa, ya sa aka yi masa safarar fata da ƙasusuwan mus tun daga Amurka, don ya ƙaryata masani Buffon da ke cewa dabbobin sabuwar duniya ƙanana ne raunana. Tun daga farko dai, girman dabbar da ƙahonta ake nema a nuna.

An haifi Rungius a 1869 kusa da Barlin. Yana ɗalibi yakan wuni a gidan zu yana zane, ya kuma je masana'antar da ake dafa gawar dabbobi a yi gam, don ya ga yadda tsoka ke kwance a kan ƙashi. A 1894 wani kawunsa ya gayyace shi farautar mus a jihar Men. Shekarar da ta biyo ya zo Wayomin, a 1896 kuwa ya tattara ya dawo Amurka da zama. Maharbi ne na gaske. Yakan harbe dabba, ya auna ta, ya zana ta ta kowane gefe, ya feɗe ta ya zana naman. Daga 1910 ya fara zuwa Banff a Kanada, ya gina ɗakin aiki a can a 1921, yana rani a duwatsu, hunturu a Niyok, har ya rasu a 1959. Masana sukan haɗa shi da wasu uku: Richard Friese, wanda ya zana mus na dazuzzukan gabashin Furusiya, da Bruno Liljefors na Suwidin, da Wilhelm Kuhnert mai zakunan gabashin Afirka. Abin da ya haɗa su shi ne sun bar keji sun bi dabba har inda take kwana.

Ina girmama wannan aiki ƙwarai, kuma ba na cikin masu yi masa kallon adon ɗakin mafarauta kawai. Amma da na zaga ɗakin, na koma gari na bi shagunan sayar da zane ɗaya bayan ɗaya, sai wani abu ya fara damuna. Kusan dabba ɗaya nake gani: namiji, ƙosasshe, ƙaho ya gama fita, ganyaye sun yi rawaya. Wannan hoton 'yan makonni ne kawai a shekarar mus, daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba, lokacin barbara, wanda kuma shi ne lokacin farauta. Idon maharbi ne ya zaɓi wannan lokaci, kuma waɗanda suka fara sayen zanen mafarauta ne da mujallunsu da kamfanonin bindiga masu buga kalanda. Shekara ɗari ta wuce, yawancin masu saye yau ba su taɓa saɓa bindiga ba, amma abin da ake so bai sauya ba.

Satumba ne watan kasuwar. Ana bikin fasaha a gari, gidan tarihin yana baje kolin sababbin ayyuka na sayarwa, sannan akwai gwanjon da ake yi tun 2007, inda babban zanen Rungius kan tashi a kan ɗaruruwan dubban daloli. A wani shago na tarar da wata dattijuwa mai kula da wurin, na tambaye ta me ke sa wani mus ya fi wani tsada.

Ta ce, "Malam, sunan mai zanen ne farko, sai takardun da ke nuna hannun da ya bi kafin ya zo nan. Bayan su sai ƙaho. Namiji ya fi mace kuɗi, wanda ya fuskanto ka ya fi wanda ya ba ka baya."

Na ce, "To Hajiya, macen fa da ɗanta?"

Ta yi murmushi. "Ana saye, amma ƙarami, na ɗakin kwana. Babban bango na saman murhu na bijimi ne. Wasu da awon bangon suke shigowa a rubuce."

Ba ta faɗi haka da raini ba, sana'arta take bayani. Kuma gaskiya ne cewa da ba don masu tara zane ba, da wannan gidan tarihi bai samu ba, da ni da yaran makarantar da na gani zaune a ƙasa suna kwaikwayon zane da fensir ba mu ga komai ba. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne kasuwa ta koya wa matasan masu zane abin da za su gani. Da yawa daga hoton kyamara suke aiki, suna bin gashi ɗaya-ɗaya, ƙahon ya fito tsaf, amma dabbar ba ta da nauyi, ƙafafunta ba su nutse a laka ba. Sun gaji bijimin Rungius, ba su gaji wahalar da ya sha kafin ya san shi ba.

Da asuba wani ja-gora ya kai mu bakin kogin Gros Ventre. Sanyi na cizon yatsu. Ya tsayar da mota ya nuna mana wani duhu a cikin ƙananan itatuwan wilo na bakin ruwa. Mace ce da ɗanta. Ba ta ko ɗago ta dube mu ba. Takan kama reshe da leɓenta na sama, ta ja kai gefe, ganyen duka su zube a bakinta, reshen ya koma tsirara yana rawa. Ana jin ƙarar tsinkewar daga inda muke. Ɗan ya so ya sha ruwa, wuyansa bai kai ba saboda tsawon ƙafa, sai ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba. Kunnuwan uwar kuwa ba su huta ba, ɗaya na gaba ɗaya na baya. Ja-goran ya hana kowa matsawa, ya ce uwa mai ɗa ta fi bijimi haɗari, da kofatan gaba take sara. Ban ga wannan durƙuson ba a bangon kowane shago, kuma a ganina ya cancanci babban ƙyalle.

Ja-goran ne ya ba ni labarin kaska. Duk wanda ya yi kiwo ya san ta, amma ta nan daban ce. A daidai wannan wata na Satumba, 'ya'yanta kan hau kan ciyawa da rassa su dunƙule dubbai, suna jiran dabba ta gifta. In sun kama, a jikinta za su yi hunturu gaba ɗaya suna shan jini. Sauran barewa sukan lashe su kakkaɓe da wuri, mus kuwa ba ya farga sai sun yi ƙarfi. Sai ya yi ta goga jiki a itace har gashi ya tuje, ya fito fari-fari a Afrilu, ƙashi da fata, mutanen wurin suna ce masa fatalwa. Dusar ƙanƙara ce ke kashe 'ya'yan kaskar, in ta yi jinkirin sauka sai su samu ƙarin makonni na kamu. A wani bincike da aka yi a jihohin Men da Niu Hamsha tsakanin 2014 da 2016, kusan kashi 70 cikin 100 na 'ya'yan mus da aka bi sawunsu sun mutu kafin ƙarshen hunturunsu na farko, kowane ɗauke da kaska sama da 40,000 a matsakaici. Men ɗin nan ita ce inda Rungius ya fara neman mus. Rawayan rassan da ke ƙawata zanen, a kansu kaskar ke jira.

A kwarin Jakson ma garken ya ragu daga dubbai a wajajen 1990 zuwa 'yan ɗaruruwa. Dalilan suna da yawa, kuma masana ba su daina muhawara a kan wanda ya fi nauyi ba: gobarar dajin Yellowstone ta 1988 da ta cinye itatuwan da suke fakewa a ciki da hunturu, da dawo da kyarketai a 1995, da ƙaruwar beyar, da zafin da dabbar ba ta jurewa, da motoci. A kan titin da ya nufi wurin wasan zamiya, inda manyan gidaje suka jeru a tsohuwar fadama, ana rage gudu da dare saboda yawan mus da ake bankewa. Wasu daga cikin zanukan da na gani a shaguna, a waɗannan gidajen za a rataye su.

Bayan rasuwar Rungius, kayan ɗakin aikinsa na Banff sun koma gidan tarihin Glenbow da ke Kalgari, wanda attajirin man fetur Eric Harvie ya kafa. A cikinsu akwai ɗaruruwan ƙananan zanukan da ya yi a daji, yana zaune a kan dutse ko kututture, kafin haske ya sauya: gefen fadama, inuwar dutse, ƙafa ɗaya, kai ɗaya. Ba don bangon kowa ya yi su ba, don idonsa ya yi. Na ga 'yan kaɗan irinsu a Jakson, kuma in da zan ba matashi mai zane shawara, a gabansu zan zaunar da shi, sannan in ce ya je fadama a watan Afrilu, lokacin da ƙaho ya zube, masu yawon buɗe ido ba su zo ba, uwa kuma tana da ciki tana neman abin da za ta ci a cikin laka da ragowar ƙanƙara.