Daga Zubin Tukunya Zuwa Zubin Fuska

Baba ya shekara talatin a Agege yana narka alminiyam yana zubin tukwane, kuma ni aka sa ran zan gaje shi. Sai ga ni na ɓige da yi wa masu fina-finan Yarbawa fuskokin dodanni, irin waɗanda ɗan wasa ke sakawa. Har yau in na gifta ta bakin masallaci sai na ji yara suna cewa, "Ga mai dodo nan!"

Ga yadda aikin yake. Da yumɓu nake fara gina fuskar, sannan in shafe ta da silikon hawa-hawa har ya yi kauri. In ya kama, sai in yi masa riga da garin POP don kada ya lanƙwashe. Mazubi ya samu ke nan. Shi kuwa rezin ruwa biyu ne ake haɗawa daidai wa daida, a zuba a mazubin a yi ta juya shi a hannu har ya bi ko'ina. Cikin mintoci yake ɗaukar zafi ya sandare. Saura samfefa da fenti.

Aikina na farko bayan na bar gaban maigidana, fuska 6 aka ba ni, ana tsakiyar damina. Inna ce ta kwashi adashinta ta ba ni na sayi kaya. Saboda ɗoki na bar kwalbar rezin a buɗe ta kwana, na kuma dama shi da itace mai laima. Ashe irin wannan rezin ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Duka shidan suka fito da kumfa, kamar soson wanka. Saura kwana 3 a zo karɓa, aljihu kuma wayam.

Ina zaune na rasa abin yi sai ga Baba, wanda bai taɓa leƙo shagona ba. Ya ɗauki guda ya jujjuya, ya ce, "Ruwa ne ya shige ka. Ko tukunya, in yashi ya cika jiƙa, haka take fitowa da ramuka." Ya latsa silikon ɗin da yatsa, ya tambaye ni sau nawa ake zubi a ciki. Na ce sau da dama. Ya girgiza kai, don shi kowace tukunya sai ya sake dannan yashi.

Washegari ya ba ni kuɗin sabon rezin, ya ce bashi ne. Na cika alkawari, na biya shi, na biya Inna.

Samarin da ke zuwa neman koyo, ƙofa a buɗe take. Amma ku zo da safar hannu da takunkumi, domin tururin rezin da ƙurarsa ba sa raga wa huhu. Kuma wanda ba zai iya rufe kwalba ba, ya yi zamansa a gida.