Zagaye na 58

A gidanmu na Damagaram akwai wani littafin rubutu mai shuɗin bango, irin wanda ƴan makaranta ke saye a bakin kasuwa, amma babu darasi ko ɗaya a cikinsa. Babban ɗana ne ya ja masa layuka a watan Maris na 2021, ya ware gida ɗaya don sunan ƙasa, ɗaya don makin direbana, ɗaya don makin direbansa. Duk Lahadin da aka yi tsere sai ya ƙara layi, har suka kai 22. A layi na ƙarshe ya rubuta "Abu Dabi" tun da safe, ya bar gidajen maki a buɗe yana jiran sakamako. Haka suka zauna babu komai har tsawon kwana tara, kuma ni ne sanadi.

Ga wanda bai saba da Formula 1 ba, ga yadda take a taƙaice. A wancan lokaci ƙungiyoyi 10 ne, kowace da direba biyu, suna yawo ƙasa-ƙasa daga Maris zuwa Disamba. Kowane tsere bai cika wuce kilomita 305 da kaɗan ba, ana zagaya fili ɗaya sau da yawa. Wanda ya zo na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 18, na uku 15, a yi ta raguwa har na goma mai maki ɗaya. Motocin ba su da rufi, tayoyinsu a waje suke, kuma dole direba ya tsaya a sauya masa taya aƙalla sau ɗaya idan ba ruwa ake yi ba, aikin da makanikai ke gamawa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Taya mai jan zobe ta fi laushi da gudu amma tana saurin cinyewa, mai farin zobe ta fi tauri da juriya. Rabin wasan yana wurin sanin lokacin da za a tsaya da irin tayar da za a ɗaura.

Na kamu da wannan wasa ne ranar 2 ga Nuwamba 2008, ina karatun digiri na uku a Faransa. A ɗakin kallon ɗalibai na tarar da ƴan Afirka sun cika kujeru, ana tseren ƙarshe na shekara a Birazil. Lewis Hamilton, baƙar fata na farko da ya yi tuƙi a gasar, yana da shekara 23, yana buƙatar ya zo na biyar. Ruwa ya sauko, ya koma na shida, sai a lanƙwasar ƙarshe ta zagayen ƙarshe ya wuce Timo Glock, ya ɗauke kambun daga hannun Felipe Massa da maki ɗaya tak. Ni da ko sitiyari ban taɓa riƙewa ba na sami kaina a tsaye ina ihu tare da mutanen da ban san sunansu ba. A wannan daren ɗana yana gida wajen mahaifiyarsa, yana koyon tafiya, ni kuwa sai a hoto nake ganinsa.

Ɗan fari ne, kuma na tashi a gidan da uba ba ya ambaton sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Karatun boko bai kankare mini wannan kunya ba. Ƙannensa suna hawa kafaɗata, shi kuwa tsakanina da shi gaisuwa ce da aike da tambayar sakamakon makaranta. Saboda haka ranar da ya jawo tabarma ya zauna gefen kujerata ina kallon tsere, ban ce masa komai ba, amma na rage ƙarar talabijin don ya sami damar tambaya. Da ya cika shekara 14 ya riga ya fi ni sanin injuna, kuma ya zaɓi nasa gwanin: Max Verstappen na Red Bull, ɗan Holan, wanda a farkon kakar 2021 yake da shekara 23, daidai shekarun Hamilton ranar da na fara ganinsa. Hamilton kuwa ya kai 36, yana Mercedes, yana da kambu bakwai kamar Michael Schumacher, yana neman na takwas da babu wanda ya taɓa samu.

Sharhin da Faransanci muke ji, gardama kuwa da Hausa muke yi, don haka dole muka raɗa wa abubuwa suna. Wurin sauya taya muka kira shi tasha. Motar da ke fitowa in an yi haɗari, ta shiga gaba ta rage wa kowa gudu har a share hanya, ni na ce mata motar tsaro, shi ya ce ɗan sanda, tunda ba mai wuce ta.

Tun tseren farko a Baharain, ranar 28 ga Maris, aka nuna mana irin shekarar da za a yi. Saura zagaye kaɗan Verstappen ya wuce Hamilton, amma tayoyinsa huɗu sun fita bayan farin layin gefen hanya, aka umarce shi ya mayar da matsayin, Hamilton ya ci da ratar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Yaron ya ce, "Baba, ai fenti ne kawai." Na gyara zama irin na malami na ce masa doka doka ce, ko da alli aka zana ta. Ya yi shiru ya rubuta 25 da 18.

Mun kalli tsere uku cikin azumi, da bushewar maƙogwaro ba mai ƙarfin musu. Ranar Baku, a watan Yuni, wuta ta ɗauke ana tsakiyar tsere, muka koma kan wayar salula, kawunanmu a haɗe a kan ɗan ƙaramin gilashi. Haka muka ga tayar Verstappen ta fashe yana kan gaba, saura zagaye kaɗan, sannan da aka sake tashi Hamilton ya zarce a lanƙwasar farko ya koma baya. Ba wanda ya sami maki a cikinsu. Muka dubi juna muka fashe da dariya, kuma ban tuna ranar da muka taɓa yin dariya tare kafin wannan ba.

Silverstone ta zo ranar 18 ga Yuli, saura kwana kaɗan Babbar Sallah, ragon layya yana ɗaure a tsakar gida. Verstappen yana gaba da maki sama da 30. A zagayen farko motocin biyu suka gogi juna a wata lanƙwasa mai tsananin gudu, Verstappen ya daki shingen tayoyi da ƙarfin da sai da aka kai shi asibiti a duba shi. Alƙalai suka ce mafi yawan laifin na Hamilton ne, suka ci shi tarar daƙiƙa 10. Ya biya, ya biyo baya, ya ci tseren a gaban mutanen ƙasarsa. Na tafa. Yaron ya ce a hankali, "Baba, mutum yana asibiti fa." Na ce ai an yanke hukunci an biya. Yanzu da nake rubutu na lura cewa malamin da ya yi wa'azin farin layi a watan Maris ya iya sassauci idan laifin na gwaninsa ne.

A Monza, cikin Satumba, motar Verstappen ta hau kan ta Hamilton, tayar baya ta sauka daidai kansa. Bakan ƙarfen nan da aka wajabta kewaye kan direba da shi tun 2018 ne ya tare nauyin. Wannan karon Verstappen aka ɗora wa mafi yawan laifi. Ba wanda ya yi magana a cikinmu sai da muka ga Hamilton ya fito da ƙafafunsa. Bayan Meziko ratar ta koma maki 19, na fara sallamawa. Sai Birazil: aka soke sakamakon Hamilton na neman sahu saboda fiffiken bayan motarsa ya saɓa ma'auni, ya tashi na 20 a gajeren tseren Asabar ya ƙare na biyar, aka ƙara mayar da shi baya saboda sauya inji, ya tashi na 10 ranar Lahadi, kuma ya ci. Ya ƙara da Ƙatar, ya ƙara da Jidda. Da aka zo tseren ƙarshe kowannensu yana da maki 369 da rabi, abin da ba a gani ba tun 1974. Na ce wa yaron ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ina nufin in tsokane shi, ban san da kaina nake ba.

Ranar 12 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana agogonmu, hazon hunturu ya rufe gari. Zagaye 58 za a yi. Verstappen ne a sahun farko, amma Hamilton ya riga shi tashi, ya riƙe gaba, har ya ba da ratar sama da daƙiƙa 10. A zagaye na 53 Nicholas Latifi ya daki bango, ɗan sanda ya fito. Verstappen, da ba shi da abin asara, ya shiga tasha ya ɗauro sabuwar taya mai jan zobe. Hamilton bai iya tsayawa ba, don in ya tsaya ya ba da gaba, kuma mai yiwuwa tseren ya ƙare a bayan motar tsaro. Ya zauna kan tsohuwar farar taya da ta yi zagaye kusan 40. Tsakaninsu akwai motoci biyar da aka riga aka zagaye. Da farko aka sanar cewa ba za a bar su su wuce ba. Can a zagaye na 57 aka ce waɗannan biyar kaɗai su wuce, sauran uku da ke baya su tsaya inda suke, kuma a ƙarshen wannan zagayen motar tsaro ta koma, alhali abin da aka saba shi ne ta ƙara zagaye guda. Saura zagaye ɗaya, sabuwar taya a bayan tsohuwa. A lanƙwasa ta biyar Verstappen ya kutsa ta ciki ya wuce.

Yaron ya yi tsalle har ya ture butar shayi, yana cewa, "Baba, ka gani! Baba, ka gani!" Bai taɓa ɗaga murya a gabana ba sai ranar. Ni kuwa na ce, "Kai, zauna. Wannan sata ce, kuma mai murna da kayan sata ɓarawo ne." Na kashe talabijin. Ya tsaya kamar an watsa masa ruwan sanyi, ya durƙusa ya goge shayin, ya ɗauki tabarmarsa ya fita. Ana kiran la'asar.

Da daddare na buɗe waya ina neman masu fushi irina, kuma na same su da yawa. Amma na ga abin da kashe talabijin ya hana ni gani: Hamilton ya fito daga mota ya je ya taya Verstappen murna, mahaifinsa Anthony kuma, mutumin da ya haɗa ayyuka da dama don ya biya wa ɗansa tseren yara, ya je ya gaisa da Max da mahaifinsa Jos. Ɗansa ne aka yi wa abin, a gabansa, ya miƙa hannu. Ni da nake nesa da dubban kilomita, ba a rage mini ko dala ba, na kira ɗan cikina ɓarawo.

Har yau ban sauya ra'ayi a kan hukuncin ba. Mercedes ta kai ƙara a daren aka kore ta, daga baya ta janye ɗaukaka ƙara. Wani ɓangare na gardamar a kan kalma guda aka yi shi: dokar, da Ingilishi aka rubuta ta, ta yi amfani da wata kalma mai harshen damo, wadda za a iya fahimta da "kowace mota" ko kuma "wasu daga cikin motocin". Hukumar FIA ta sauke daraktan tseren a watan Fabrairu na 2022, rahotonta na Maris ya ce kuskure ne na ɗan Adam da aka yi da kyakkyawar niyya, sakamako kuma ya tabbata, sannan aka musanya kalmar da wadda ke nufin "dukkan". Ni da nake zama kan takardun jarrabawa kowane ƙarshen zango na san wannan jaraba ta son a ƙare abu da armashi, na kuma san cewa lanƙwasa ƙa'ida don wani ɗalibi tauye wani ne da ba ya cikin ɗakin. Sai dai Verstappen bai rubuta dokar ba, bai kuma fassara ta ba. An buɗe masa ƙofa ya shiga, kamar yadda Hamilton zai shiga. Ya ci tsere 10 a shekarar, Hamilton 8, kuma ya yi asarar maki masu yawa a Baku da Silverstone da Hangari ba da laifinsa ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Yaron da ya bi shi wata tara da biro da rula yana da haƙƙin tsallensa.

Sanin haka abu ne mai sauƙi. Abin da ya gagare ni shi ne yadda uba irina zai ba ɗan farinsa haƙuri, alhali ko sunansa ba ya kira. Kwana tara muna gaisuwa da aike kamar dā. Mahaifiyarsa ce ta ajiye littafin a kan teburina, cikin takardun ɗalibai, ba ta ce uffan ba. Na buɗe na ga layin Abu Dabi a buɗe. Na ɗauki jan biron da nake gyaran jarrabawa da shi na cike: 18 da 26, jimla 387 da rabi da 395 da rabi. A ƙasa na rubuta "Barka", na tsaya, sannan na rubuta sunansa. Da safe da ya zo gaishe ni na miƙa masa, na ce, "Abin da na faɗa ranar nan ban kyauta ba." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba." Ya daɗe yana duban shafin kafin ya fita.

Ranar 20 ga Maris 2022 aka koma Baharain. Ya zo da tabarmarsa da sabon littafi. Saura zagaye kaɗan motar Verstappen ta mutu yana na biyu, Charles Leclerc na Ferrari ya ci, Hamilton ya tsinci na uku. Na ji yaron yana satar kallona ta gefen ido, yana jiran abin da zan ce. Na zuba shayi na tura masa kofin, na tambaye shi me yake ganin ya sami injin. Ya matso da tabarmar, ya fara yi mini bayanin yadda mai ke isa inji daga tanki.