Kujerar Madara da Rigar Kawu

A ƙarshen daminar 2021 na sayi motar da na daɗe ina buri, 'yar gajeriya mai ƙofa biyu wadda cikinta ya kusa shafar ƙasa. Ta hannu ce, kujerunta na baƙin yadi ne, sun ɗan koɗe amma ko zare bai warware ba. Ni ne kawai na ga hoton irinta a waya da kujerun fata kalar madara, daga ranar na daina ganin kyan tawa.

Na kai ta wurin wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota a Birnin Kebbi. Ya jera mini ƙyallen fata huɗu a kan benci: baƙa, ruwan toka, ruwan ƙasa da kalar madara. Da na ɗora yatsa a kan ta ƙarshe, sai ya tambaye ni inda nake zaune. Na ce Kalgo. Ya ce asali fa? Na ce Gwandu. Ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ɗauki ruwan ƙasa. Ƙasarmu ja ta, wagga kuwa ba ta ɓoye komi." Na ce ni mutum ne mai tsabta, zan kula da ita. Bai ƙara magana ba, ya karɓi kuɗin da ya kusa albashina na wata biyu, ya yi aikinsa tsaf.

Sati uku na yi ina jin daɗi. Sai hunturu ya kama. Duk wanda ya san Kalgo a watan Disamba ya san yadda ƙura ke kwana a kan komai, ko da an rufe ƙofa da taga. Motata kuwa gajeriya ce, ƙurar kowace tirela da ke bin hanyar Jega a fuskarta take sauka. Jar ƙasa ta shige cikin hujojin ɗinki, layin da ke fari ya koma kalar tubali. Na sayi tawul biyu na shimfiɗa. Wato fatar da na kashe kuɗi don a gani, ni da hannuna na lulluɓe ta.

Daga nan na fara kafa dokoki. Ba a cin komai a motata, ba a tauna goro. Maiɗakina in ta yi lalle sai ya kwana biyu kafin ta shiga. 'Ya'yana sai sun karkaɗe ƙafa na duba. Wani maƙwabcina ya roƙe ni in ɗauko masa rabin buhun albasa daga Aliero, na ƙirƙiro uzuri. A lokacin ina kiran wannan duka tsabta.

Cikin watan Afrilu aka yi ɗaurin auren 'yar uwarmu a Gwandu. Saboda baƙi za su ga motar, na cire tawul ɗin na bar su a gida. Bayan an shafa Fatiha, Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙa kai ni makarantar firamare a bayan kekensa, ya ce in kai shi ziyara hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, sannan in sauke shi Birnin Kebbi wurin 'yarsa. Yana sanye da babbar rigarsa ta shuni, bugaggiya mai ƙyalli, wadda ba ya fitar da ita sai ranar Sallah ko biki. Zafin ranar ya haura digiri 40, na'urar sanyaya motar ta gaza, muka yi ta zufa har muka isa.

Da ya fita, sai ga siffar bayansa da shuɗi a kan kujerar, tun daga kafaɗa har ƙugu. "Kash!" ta fita daga bakina da ƙarfi kafin in kama ta. Kawu ya juyo ya dubi kujerar, ya dubi fuskata. Ya sunkuya ya fara gogewa da hannun rigarsa, shuɗin yana ƙara yaɗuwa. Na ce, "Bari kawai, Kawu," da muryar da ban taɓa yi masa magana da ita ba. Ya ce Allah ya yi albarka, ya shige gida.

A daren na haɗa garin sabulun wanki da soson ƙarfe na dirza. Shuɗin ya ragu, bai tafi ba. Na zuba ruwan bilic. Da safe, ban shawarci kowa ba, na tsiyayo fetur a tsumma, tunda na sha ganin makanikai na wanke hannu da shi.

Na goga sau uku, na ɗaga tsumman in ga yawan shuɗin da ya fito. Babu shuɗi a jikinsa. Kalar madara ce, mai danƙo kamar kunun da ya huce. Na tsaya ina kallon tsumman, na kasa fahimta. Sannan na dubi kujerar. Inda na goga ya zama ruwan toka, ya yi kaushi, gefensa yana naɗewa kamar ɓawon albasa. Na shafa da yatsa, wani yankin ya biyo yatsan. A nan na gane ba datti nake cirewa ba, fuskar kujerar nake ɓarewa. Na zauna a bakin ƙofar motar, warin fetur ya cika mini hanci, gabana yana faɗuwa. Garin gyaran gira na rasa ido. Duk da haka ban tsaya ba: na rufe gilasai na bar ta a rana wai ta bushe, alhali cikin rufaffiyar mota a irin wannan zafi yakan wuce digiri 60. Kafin la'asar wurin ya tsattsage.

Da na mayar da motar wurin mai ɗinkin kujerun, dattijon bai ce "na gaya maka" ba. Ya bayyana mini cewa fatar mota ba irin wadda majemanmu ke jemewa da bagaruwa ba ce, irin ta jar akuyar Sakkwato da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Ta mota fatar shanu ce da aka fesa wa launi a sama, aka rufe da wani siririn shafe. Fetur na narkar da shafen, bilic na cinye launin, sabulun wanki mai ƙarfi na busar da ita, soson ƙarfe kuwa yankanta yake yi. Abin da take so shi ne tsumma mai laushi da ɗan danshi duk mako, sabulu marar ƙarfi ko maganin da aka yi don fata, a fara gwadawa a lungun da ba a gani, sannan a ajiye mota a inuwa. Rini in ya hau, a kai wa masu sana'ar tun bai kwana ba.

Da Babbar Sallah na koma Gwandu. Na tarar da Kawu a bakin hanya, cikin rigar nan tasa, zai je gaisuwa Kambaza. Na tsaya na buɗe masa ƙofa. Ya yi murmushi ya ce, "A'a ɗana, tafi abinka. Ga kabu-kabu nan, kada in ɓata maka kujera." Ba gatse yake yi ba, tausayina yake ji, wannan ne ya fi yi mini ciwo. Dattijo mai shekara fiye da saba'in ya hau bayan babur cikin rana, ni kuma na bi bayansu da kujera babu kowa a kai.

Washegari na durƙusa a zaurensa na nemi gafara. Ya ce bai riƙe ni da komai ba, amma sai da na yi zuwa uku kafin ya yarda ya sake shiga motar.

Mai karatu, kai ma wata rana za ka tsaya gaban benci irin wancan, ko na kujera, ko na kafet, ko na wani abin da ido ya so. Kafin ka ɗora yatsa, ka tuna hanyar da kake bi kullum da mutanen da za su zauna a kai. Kujeruna yanzu ruwan ƙasa ne. A ta gaba akwai ɗan shuɗi daidai wurin kafaɗa, kuma na hana yaron da ke wanke motar ya taɓa shi.